Gwajin Zubin Harsashi da Daidaiton Bindigar Gasa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu wasan harbi a Kaduna da masu horar da su, musamman masu harbin mita 50 da ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22 LR, da kuma masu bindigar iska ta mita 10. Na farkon masu sauƙi ne, na tsakiya kuwa sai an ɗauko biro da takarda.

1. Mene ne zubi, kuma me ya sa kwali biyu masu suna ɗaya ba sa harbi iri ɗaya?

Zubi shi ne adadin harsasan da inji ɗaya ya fitar a jere, da albarushi ɗaya, da dalma ɗaya, da kwanso ɗaya, ba tare da an taɓa saitin injin ba. Kowane zubi yana da lambarsa a jikin kwali. Eley Tenex na Ingila, da Lapua Midas+ da RWS R50 da ake yi a Jamus, duk sunayen harsasan gasa ne masu daraja, amma sunan yana gaya maka matakin da kamfani ya ajiye kayan ne kawai. Lambar zubi ita ke gaya maka ainihin abin da ke hannunka.

Harsashin .22 na gasa yana ɗauke da dalma mai nauyin giram 2.59, yana fita da gudun mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa. Albarushin cikinsa ɗan mitsitsi ne, sinadarin da ke tayar da wutar kuma a cikin leɓen gindin kwanso ake shimfiɗa shi. Idan shimfiɗar ta yi kauri a wani gefe, ko matsin bakin kwanso ya ɗan canza, ko man da aka shafe dalmar da shi ya fi na jiya yawa, harbi zai canza. Ido ba ya ganin wannan bambanci, allon mita 50 yana gani.

2. Yaya ake yin gwajin a cibiyoyin kamfanoni?

Eley na da wurin gwaji a Birmingham, Lapua na da nasa a Schönebeck ta Jamus da Mesa a jihar Arizona ta Amurka. Dogon ɗaki ne rufaffe da iska ba ta shiga. Ana ɗaure bindigarka a ƙarfen matsi, wani lokaci da katakonta, wani lokaci a cire katakon a bar bututu da gidan kunama kaɗai, sannan allon lantarki ya riƙa rubuta inda kowane harsashi ya ratsa. Ana fara harba goma goma daga zubi da yawa, a zubar da waɗanda suka watse, a ƙara wa ragowar harbi har su kai talatin ko arba'in, sannan kwamfuta ta ɗora hujojin duka a hoto ɗaya. Manufar ɗaurewar ita ce a fitar da hannun maharbi da iska daga lissafi, a bar bututu da harsashi su kaɗai su ba da shaida.

3. Lambobin da ke takardar sakamako, me kowace take nufi?

Wadda ido ke fara kaiwa gare ta ita ce faɗin gungu, wato tazarar hujoji biyu da suka fi nisa da juna. A nan akwai tarko: wasu na aunawa daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar huji, wasu daga gefen waje zuwa gefen waje. Bambancin shi ne kaurin harsashi, milimita 5.6. Gungun da aka rubuta 16 gefe zuwa gefe, 10.4 ne tsakiya zuwa tsakiya. Kafin ka gwama takarda biyu, tabbatar da awo ɗaya aka yi musu, a nisa ɗaya, da yawan harbi ɗaya.

Ta biyu ita ce matsakaicin nisa daga tsakiyar gungu. Wannan ta fi ta farko amana nesa ba kusa ba, domin kowane huji yana da baki a cikinta, alhali faɗin gungu hujoji biyu ne kawai ke yanke masa hukunci ko da an harba ɗari. Akwai kuma faɗin kwance da tsayin tsaye daban daban, waɗanda amfaninsu ke tambaya ta 10, da lambobin gudu da ke tambaya ta 8. Idan takardar Amurka ce za ka ga MOA, wani awon kusurwa: ɗaya daidai yake da milimita 14.5 a mita 50, ko 29.1 a mita 100.

4. Na harba biyar sun shiga huji ɗaya. Ba shi ke nan na samu zubina ba?

A'a, ba girin-girin ba, ta yi mai. Lissafi ya nuna cewa faɗin gungun harbi biyar yana lilo da kusan kashi 27 cikin ɗari daga wannan gungu zuwa wancan, da bindiga ɗaya da zubi ɗaya ba tare da an canza komai ba. Na harbi uku ya kai kashi 37, na goma kusan 20. Ma'ana, haɗin bindiga da zubi da matsakaicin faɗin gungunsa milimita 9 ne zai iya ba ka 6 da safe ya ba ka 13 da la'asar, kuma babu abin da ya lalace.

Haka nan gungu yana ƙara faɗi da yawan harbi, domin kowane sabon harsashi wata dama ce ta fita waje. Haɗin da ke ba da milimita 9 a harbi biyar zai ba da kusan 11 a harbi goma, kusan 15 a harbi arba'in. Wanda ya nuna maka hoton harbi biyar yana gwama shi da takardarka ta arba'in, ya gwama kwano da mudu.

Ko da matsakaicin nisa ka yi aiki, kuskuren awon yana kusan kashi 17 a harbi goma, kashi 8 a arba'in, kashi 5 a ɗari. Saboda haka zubi biyu da suka bambanta da kashi 10 bayan harbi arba'in arba'in, ba ka da hujjar cewa ɗaya ya fi ɗaya. Wanda ya bambanta da kashi 30, wannan kam ana iya yarda da shi.

5. Ba ni da allon lantarki. Yaya zan fitar da matsakaicin nisa da hannu?

Kada ka tara harbi goma a wuri ɗaya su yage takarda ka rasa na aunawa. Buga takarda mai ɗigo goma ko ashirin, kowane ɗigo harsashi ɗaya. Ga kowane huji auna abu biyu da ma'aunin da ke nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita: nisansa dama ko hagu daga ɗigon, da nisansa sama ko ƙasa. Dama da sama ka ba su alamar ƙari, hagu da ƙasa alamar ragi. Tara na kwance ka raba da yawan harbi, ka yi haka ga na tsaye. Lambobin biyu da suka fito su ne tsakiyar gungunka.

Daga nan sai ka cire tsakiyar daga kowane huji, ka ninka kowace lamba da kanta, ka haɗa su, ka ɗauki tushen jimlar. Hujin da ke milimita 3 dama da 4 sama da tsakiya, nisansa 5 ne. Matsakaicin waɗannan nisa shi ne abin da kake nema. Excel ko makamancinsa a waya zai gama wannan cikin minti biyu. Idan kana son duba kanka, a harbi goma faɗin gungu tsakiya zuwa tsakiya yakan kusa ninka matsakaicin nisa sau uku.

6. Milimita nawa ke zama maki ɗaya?

A allon mita 50 na ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, zoben 10 faɗinsa milimita 10.4 ne, na 9 kuma 26.4. Tunda taɓa layi ya wadatar, ana ƙara rabin kaurin harsashi, 2.8, a kan rabin zoben, 5.2. Ya zama duk harsashin da tsakiyarsa ke cikin milimita 8 daga cibiyar allo, goma ne. A inda ake ƙidaya da ɗigo har zuwa 10.9, kowane 0.1 milimita 0.8 ne. Haɗin da matsakaicin nisansa milimita 4 ne zai riƙa ba da kusan 10.5 ko ɗan ƙasa kaɗan, idan saiti na tsakiya kuma maharbi bai ƙara nasa kuskuren ba. Rage shi zuwa 3.2, ka samu 0.1 a kowane harbi, maki shida a harbi sittin.

7. Zubin da ya zo na ɗaya a gwaji, da na saya bai maimaita abin da ya yi ba. Cutata aka yi?

Yawanci ba cuta ba ce. Idan ka gwada zubi goma da harbi goma goma, wanda ya zo na ɗaya ya haɗa abu biyu ne, kyau da sa'ar ranar. Kyan zai biyo ka gida, sa'ar ba za ta biyo ka ba. Ko da zubi goman duk ɗaya suke, dole wani ya fito da ƙaramin gungu, kamar yadda tambaya ta 4 ta nuna. Shi ya sa ba a saye da sakamakon zagayen farko. A ɗauki uku ko huɗu na sama, a sake harba su daga farko, a yi hukunci da sabbin lambobin. Abin da ya fito a zagaye na biyu shi ne ya fi kusa da abin da za ka gani a fili.

Akwai kuma dalili na biyu: bindiga a ƙarfen matsi ba ta girgiza yadda take yi a kafaɗa da majanyin hannu. Zubin da ya yi fice a ɗaure sai an tabbatar da shi a kwance, da katakon da notunan da za a shiga gasa da su.

8. Na'urar auna gudu ta nuna wani zubi ya fi daidaito. Shi zan ɗauka?

Gudu yana da tasiri, ga lissafinsa. Harsashi yana ɗaukar kusan daƙiƙa 0.16 kafin ya kai mita 50, a cikin wannan lokaci yana faɗuwa kusan santimita 12.5 ƙasa da layin bututu. Canjin gudu na kashi ɗaya cikin ɗari, wato mita uku da ɗoriya a daƙiƙa, yana canza faɗuwar da kashi biyu, kimanin milimita 2.5. A mita 100 wannan canjin ya kai santimita guda. Don haka mai harbin nesa dole ya damu da lambar nan fiye da mai mita 50.

Amma lambar gudu ba ta ganin dalmar da ta karkace a bakin kwanso ko wadda gindinta ya lotsa. Sannan bututu yana kaɗawa lokacin harbi. Idan bakinsa na kan hawa sama a lokacin da harsashi ke fita, mai jinkirin zai fita a ɗan sama, ya rama faɗuwarsa. Wannan ne aikin nauyin da wasu ke ɗaurawa a bakin bututu suna murzawa. Saboda haka ana samun zubi mai gudu a warwatse ya yi gungu mai kyau a wata bindiga. Yi amfani da na'urar auna gudu irin LabRadar ko Garmin Xero wajen fitar da mugun zubi da gano dalilin hujin da ya faɗi ƙasa, amma allo shi ne alƙali.

9. Harsashi ɗaya ya bauɗe shi kaɗai. In cire shi daga lissafi?

Sai idan ka san dalilin tun kafin ka leƙa allo, misali ka ji hannunka ya fizgi kunama ko ka ga tutar iska ta juya, kuma ka rubuta hakan nan take. In ba haka ba, bauɗaɗɗen na cikin halin zubin. Zubin da ke jefa ɗaya waje a kowane hamsin zai yi maka haka ranar gasa, kuma alƙalan gasa ba sa cirewa.

10. Yaya zan gane laifin harsashi ne ko na bindiga?

Dubi siffar gungu, amma na harbi talatin zuwa sama, domin hujoji biyar kowace siffa suna iya zanawa. Gungu mai tsayi sama da ƙasa yana nuna gudu a warwatse ko allurar da ke dukan gindin harsashi ta raunana. Duba kwansunan da ka harba: wurin dukan ya zama mai zurfi iri ɗaya a duka. Gungu mai faɗin kwance a fili, fara zargin iska. Gungu da ya rabu gida biyu, duba notunan da ke riƙe ƙarfe da katako da kuma abin saiti. A ɗaure notunan da sifana mai awo, yawancin bindigogin gasa kusan Nm 5 (awon ƙarfin ɗauri) suke so, amma a bi littafin kamfanin, kuma a rubuta awon domin a maimaita shi kullum.

Babbar alama ita ce wannan: idan zubi shida daga kamfani biyu duk sun watse, ba harsashi ba ne. Haska tocila a bakin bututu ka ga ko ya sami rauni, sannan a duba gaban ɗakin harsashi, inda baƙin toka da dalma ke taruwa su yi zobe mai tauri da ke kankare harsashi tun kafin ya tashi. Bindigar da harbinta na farko ke fita daban bayan ta huta mintuna kaɗan, sau da yawa wannan zoben ne.

11. Zubin da ya yi wa abokina kyau zai yi mini? Bindigarmu iri ɗaya ce.

Wataƙila, amma kada ka sayi katan a kan wataƙila. Bindigogin Anschütz biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a Ulm ta Jamus ba su da bututu ɗaya, kowane da matsinsa da irin kaɗawarsa. Abin da takardar abokinka ke iya gaya maka shi ne zubin ba shi da mugun aibi, ya cancanci shiga jerin waɗanda za ka gwada. Karɓi kwali biyu a wurinsa ka bi matakan tambaya ta 12.

12. Ba mu da ɗakin gwaji rufaffe a nan. Yaya za a yi gwaji mai ma'ana a Kaduna?

Babban abokin gaba iska ce. Iskar gefe mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa, wadda da ƙyar za ka ji ta a fuska, tana ture harsashin .22 kusan milimita 6 a mita 50, fiye da duk bambancin da kake nema tsakanin zubi da zubi. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska kan taso da hantsi, ga ƙura da ke dusashe allo. Fara da sassafe bayan gari ya waye, ka tsaya da zarar tutoci sun fara kaɗawa. Kafa tuta uku tsakaninka da allo, ko da tsumma ne a kan sanda. A Maris da Afrilu kuma zafin ƙasa yana sa allo ya riƙa rawa a cikin madubi tun kafin azahar.

Tsarin shi ne: teburi mai nauyi da ba ya motsi, buhunan yashi gaba da baya, bututu a wanke. Harba goma zuwa ashirin na share fage da ba za a lissafa ba, domin bututu ya sha man harsashin. Idan ka sauya kamfani ka sake yin haka, tunda man Eley na kakin zuma da kitse ne, na Lapua kuwa ya fi ruwa-ruwa. Kada ka ƙare zubi ɗaya kafin ka shiga na biyu. Yi goma na farko, goma na biyu, goma na uku, ka dawo ka juya jerin, har kowane ya kai arba'in, zai fi kyau a raba su kwana biyu. Ta haka canjin iska da gajiyarka za su faɗa wa kowa daidai. Sa wani ya zuba harsasan a kwalaye marasa lamba, domin zuciya tana son wanda aka fi kashe wa kuɗi.

Rubuta ranar, da zafin gari, da lambar zubi, da awon notuna, da yawan harbi tun wankin ƙarshe. Kaduna na bisa tudu kusan mita 600 daga teku, iskarta ta fi ta ɗakin gwaji na Turai zafi da sauƙi, saboda haka wurin da gungu zai sauka zai canza. Wannan gyaran saiti ne kawai, ba aibin zubi ba.

13. Na sami zubi mai kyau. Nawa zan saya, kuma yaya zan adana?

Kwali hamsin ne, fakiti ɗari biyar, katan dubu biyar. Zubi idan ya ƙare ba a sake yin irinsa, don haka ka sayi abin da zai kai ka ƙarshen kakar gasa gwargwadon abin da lasisi ya yarda, ka yi atisayen yau da kullum da mai araha. Man jikin dalma shi zafi ke fara lalatawa. But ɗin mota a rana ta watan Afrilu zai narkar da shi ya gangara gefe ɗaya. Ajiye a ɗaki mai sanyi cikin akwatin ƙarfe mai kulle, da ƙullin maganin danshi lokacin damina. A fili ma a bar kwalin a inuwa, domin harsashi mai zafi ya fi mai sanyi gudu, kuma kada a zuba su a aljihu inda yashi zai manne da man.

14. Bindigar iska fa, ita ma ana gwada mata?

Sosai, kuma gwajinta ya fi sauƙi a nan tunda cikin ɗaki ake yi. Ƙwayar dalmar milimita 4.5 ce, amma ana sayar da ita da girman kai daban daban, 4.48, 4.49, 4.50, 4.51, kuma kowane gwangwani na RWS R10 ko H&N Finale Match yana da lambar zubi. Goman allon mita 10 ɗigo ne na rabin milimita, kowane 0.1 na maki kuma milimita 0.25 ne, saboda haka gungun harbi goma ana kallonsa a matsayin huji ɗaya, a auna faɗinsa. Cika tulun iska kafin kowane zagaye, kuma ka ware duk ƙwayar da siket ɗinta, wato buɗaɗɗen gindinta, ya lanƙwashe. Dokar yawan harbi ta tambaya ta 4 tana nan yadda take.

15. Ni sabon shiga ne. Wannan wahala ta dace da ni?

Kurakurai ba sa haɗuwa ta hanyar tarawa kai tsaye. Ana ninka kowane da kansa, a haɗa, a ɗauki tushe. Maharbin da rawar hannunsa milimita 12 ce, idan ya bar harsashi mai 4 ya koma mai 3, zai tashi daga 12.6 zuwa 12.4 ne kawai. Gwanin da tasa 3 ce zai tashi daga 5 zuwa 4.2, kusan maki shida a harbi sittin bisa lissafin tambaya ta 6. Sabon shiga ya sayi matsakaicin harsashi zubi ɗaya mai yawa, ya zuba ragowar kuɗin a atisaye.

16. Me doka ta ce, kuma ba za a samu irin wannan harsashi a Kakuri ba?

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa mallakar bindiga da harsashinta a ƙarƙashin lasisi, har da bindigar iska, kuma shigo da harsashi daga waje yana buƙatar izini na daban da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Gwaji kuwa a filin harbi da hukuma ta amince da shi ake yin sa, ƙarƙashin jami'in fili, ba a gona ko bayan gari ba. Masana'antar makamai ta gwamnati, DICON, da ke Kakuri wadda aka kafa a Kaduna a 1964, aikinta kayan sojoji da jami'an tsaro ne, irin su harsashin milimita 7.62 da 9. Nan ma kowane zubi yana da lamba kuma ana gwada samfurinsa kafin a karɓa, sai dai abin da ake nema a can shi ne ya tashi kowane lokaci, matsinsa kada ya wuce iyaka, gungunsa ya shiga awon da aka gindaya. Harsashin .22 na gasa ta hannun ƙungiya ko hukumar wasan harbi yake shigowa, don haka a roƙi mai yin odar ya rubuta lambobin zubi a takardar saye, ya kuma nemi a haɗo zubi uku ko huɗu a odar farko maimakon ɗaya.